Ba a Auna Mai Rai

Wata Juma'a, bayan an sallame, ina tsaye a bakin masallaci ina laluben takalmina, sai na lura da abin da idona ya daɗe yana gani ban tsaya na yi tunani a kansa ba. Samarin da ke fitowa, yawancinsu saman hularsu nake kallo. Ni kuwa tsoho ne, bayana ya fara rankwafawa, gwiwa ta daina miƙewa sosai. Akwai 'yan kaɗan da sai na ɗaga kai kafin in amsa gaisuwarsu, kuma duk na san gidajensu, na san motocin da suka kawo su. Sauran, waɗanda suka baro ƙauyuka suka tare a cikin gari, ɗan shekara ashirin sai ka ɗauka bai wuce sha huɗu ba, har sai ya juyo ka ga idonsa. Na sa takalmina na nufi gida, ina tafe ina tuna kakanmu da ƙofar zaurensa, da wani jan zane a jikin katako.

Kakanmu dogo ne. Ba ɗan sarauta ba ne, manomi ne a nan Faskari mai 'yan shanu a bayan gari, amma da za a gina zaurensa sai da ya sa magina suka ƙara jeren tubali biyu kafin su ɗora azarar ƙofa, duk da haka rawaninsa kan shafe ta. Sa'o'insa da nake iya tunawa ma haka suke, dogaye, busassu, masu faɗin kafaɗa. Ba na cewa zamaninsu babu yunwa. Akwai, har sunaye suke sa mata, kuma in ta zo takan kwashi yara. Sai dai tuwon gidan mai gari da tuwon gidan talaka daga dawa ɗaya aka tuƙa su, a miya ake ɗan bambanta, kuma da wuya ka shiga gidan da babu saniya ko akuyar tatsa. Abin da na buɗi kunne da shi ke nan: luguden taɓarya tun gari bai gama wayewa ba, kukan maruƙa in an janye su za a yi tatsa, da ƙarar ludayi a gindin ƙwaryar fura. Yaro ba ya roƙon nono a lokacin. Miƙa masa ake yi don ya ƙyale mutane su yi aiki.

'Ya'ya biyu kakanmu ya bari, Baba da Gwaggo. Baba ya ɗan taɓa boko, ya sami aikin awon auduga a Mairuwa. Gwaggo kuwa aka kai ta wani ƙauye ta wajen Damari, gidan wani manomi mai haƙuri. Ni da ɗanta na fari damina ɗaya aka haife mu, kuma da lokacin yaye ya yi, ɗakin kakarmu Iya aka kawo mu tare, muka zauna hannunta har muka kai shekara bakwai. Ƙwarya ɗaya, tabarma ɗaya, baƙi kan tambaya ko tagwaye ne. Shi taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka a wasan da aka gada ni ne ubangida shi ne bawa. Haka muke kiran juna, har yau ban daina ba, ko da yake an yi shekarun da sunan ya yi mini nauyi a baki.

Abu biyu na riƙe daga zamanmu a ɗakin Iya. Wata kaka, an gama yankan dawa, muka samo kara muna gwada tsawonmu, ni in tsaya ya yi alama da farce, shi ya tsaya in yi. Iya ta taso daga bakin murhu ta fizge karan ta karya shi gida uku ta cusa a wuta.

"Kak ku sake," in ji ta. "Mai rai ba a auna shi. Ranar da za a auna ku tana nan tahe, kuma ba ku za ku riƙe karan ba."

Ban gane ba sai ranar da kakanmu ya rasu, na ga an yanko doguwar kara an shimfiɗa ta a gefensa, an datse daidai ƙafarsa, an ba masu haƙa sun tafi da ita maƙabarta. Na biyun kuwa, wata rana Gwaggo ta zo ganin gida, taubashina yana kwance a tsakar gida, na zo a guje na tsallake shi. An ce in aka tsallake yaro ba ya tsawo, sai wanda ya tsallake ya komo ta inda ya bi. Gwaggo ta biyo ni da muciya.

"Komo ka tsallako shi, ɗan nema. So kake ɗana ya tsugune?"

Na ruga waje ina dariya. Ban komo ba.

Daga shekara bakwai aka raba mu, kowa ya koma gidan ubansa. Ba a rana ɗaya tazarar ta buɗe ba. Duk Sallah in Gwaggo ta kawo shi gaisuwa sai in ga kamar ya ɗan nutse, kafaɗarsa da ke daidai tawa ta koma daidai hammatata. Sai aka yi shekarun nan na fari, ruwa ya ɗauke dawa tana cikin bunƙasa, rafuka suka ƙafe tun kafin bazara. Mijin Gwaggo ya kora shanunsa huɗu zuwa kasuwar Ƙanƙara, ɗaya ta faɗi a hanya, ukun aka saye su kamar kuɗin fata. Tun daga ranar nono ya bar gidan. Ba a jima ba kuma kuɗin man fetur suka iso, kuma ba ta kowace ƙofa suka shiga ba. Ta tamu suka shiga. Baba ya bar ma'aunin auduga ya kama kwangila, yau rabon takin zamani, gobe ginin ajin makaranta. Aka rufa mana kwano, aka sayi a-kori-kura, aka jibge buhunan shinkafa 'yar waje a ɗakin da Iya ke ajiye daddawa. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi da ƙwai. Ni kuma ina makarantar kwana, inda ake ba mu wake da nama muna ƙorafin miyar ta yi ruwa. A shekara biyu aka sake mini wando sau uku.

Na taɓa yin hutu a gidan Gwaggo a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma. Da rana kwaɗon tafasa ne ko rama, da safe abin da ya kwana in ya kwana. Taubashina yakan fita gona tun da sanyin safiya da ruwa kawai a cikinsa, ya yi huɗa da hannu har rana ta take, ya dawo da damin itace a ka. Suna da zabi, kuma zabin suna ƙwai sosai a wannan lokacin, amma ko ɗaya ba ya shiga tukunya. Gwaggo takan jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi a kai bakin hanya. Da ƙaramin ɗanta ya miƙa hannu sai ta buge shi.

"Yaron da ke cin ƙwai ɓarawo yake zama," in ji ta.

Taubashina ya dube ni ya ce, "To ubangida, kai da ke cin uku kullum, sai mu riƙa ɓoye akuya."

Muka yi dariya har da Gwaggo. Sai daga baya na lissafa cewa motar Baba tana cikin masu tsayawa a bakin wannan hanyar, kuma ƙwan zabin da nake ci a gida daga irin waɗannan ƙore yake zuwa.

Muna da shekara ashirin aka yi shela a rediyo cewa za a ɗauki samari aikin kaki, kuma masu ɗaukar za su bi gari gari. Ni ba ni da bukata, na riga na sami gurbi a gidan rediyo, ina jiran ranar tafiya. Amma taubashina yana da takardar gama firamare, rubutunsa ma ya fi nawa kyau, ga ƙarfi, ga lafiya. Kowa ya san abin da aikin zai yi wa gidan Gwaggo: albashi duk wata, wanda zai mayar da shanun huɗa cikin shekara guda, ya mayar da nono, ya sa ƙannensa biyar su ci sau uku. Babu wata ƙofar da ta rage musu sai wannan. Baba ya aika masa cewa ranar Talata za a yi a filin makarantar firamare, ya zo tun Litinin ya kwana a gidanmu.

Litinin ta wuce bai zo ba. Dalilin kuwa, Gwaggo ta ce ɗanta ba zai shiga gidan kawunsa neman alfarma hannu rabbana ba. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ya zama Alhaji mai mota, kuma a wurinta wannan ya ƙara wajabta gaisuwa. Bazara ce, rumbu ya kusa ƙasa. Ta sa aka fito da dammunan da suka rage, aka wuni ana sussuka da shiƙa, ta auna tiya goma sha biyu ta farar dawa, ta zaɓi mai kyan ƙwaya. A nan Litinin ta tafi. Talata kuma ba ranar kasuwa ba ce, babu motar da ke bi ta wajensu. Da ya idar da sallar asuba ya naɗa gammo, aka ɗora masa buhun, ya kamo hanya a ƙasa.

Ina tuna yanayin ranar. Zafi ne irin wanda ke sa kaji su buɗe baki, hadari ya haɗu ta gabas tun hantsi, baƙi ƙirin, yana ta gurnani bai zubar da ko ɗigo ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin filin makaranta da ƙofar gida. Sai gab da la'asar na hango shi, buhun ya danne shi har wuyansa ya shige cikin kafaɗu, ƙafafunsa fari fat. Ya wuce ta ƙofar zauren kakanmu da buhun a kansa bai sunkuya ba. Ya durƙusa a gaban Baba, na kama masa muka sauke.

"Wannan kuma fa?" in ji Baba.

"Inna ta ce a gaishe ka, Kawu. Ta ce ba yawa."

"Ita dai ba ta jin magana. Mu da shinkafa ke neman yi mana ƙwari." Ya nuna lungun zaure da haɓa. "Ajiye can. Maza ku tahi, mutanen nan sun kusa tashi."

Ya sha ruwa moɗa biyu, ya wanke fuska da ƙafa, na ba shi rigata, hannun ya rufe masa yatsu sai da muka naɗe. A hanya yana ta murza wuya.

"Bawa, ka gaji," na ce.

"Wa ya taɓa jin bawa ya gaji? Kai dai riƙe mani takardar nan, hannuna gumi."

A filin an kafa katako a jikin bangon aji, an ja jan zane a kansa, da wani ɗan allo da ake saukowa da shi bisa kan mutum. Kafin a dubi takarda, kafin a sa gudu, sai an bi ta nan. Samari sun yi layi ba riga ba takalmi. Tun safe nake kallo, kuma tun a lokacin na lura da wani abu, ko da yake ban san me zan yi da shi ba. Waɗanda suka haye duk na san abin da ake dafawa a gidajensu: ɗan alƙali, 'ya'yan dillalan auduga, ɗan wani gidan mahauta da ba a ba su aure a unguwarmu amma ba a kwana biyu ba su ci nama ba, da wasu samarin rugage waɗanda shanunsu suka tsira. Waɗanda aka ce su koma gefe kuwa, kusan dukansu masu kanta ne a tafin hannu. Su suka noma abin da garin ke ci.

Mai awon wani saje ne mai furfura a gefen kai, ba mugu ba ne, ya dai gaji. Taubashina ya hau, ya manna dugadugansa da katakon. Aka sauko da allon har kan jan zanen, ya tsaya, bai taɓa kansa ba.

"Miƙe," in ji sajen.

"Na miƙe, ranka ya daɗe."

"Ja numfashi. Ɗaga haɓa. A'a, ban ce ka yi ɗage ba."

Sajen ya zura ɗan yatsansa tsakanin allon da kan taubashina. Ya shiga daidai, ba saura. Ya sa ya sauka ya sake hawa, aka sake, yatsan ya sake shiga.

"Yatsa ɗaya," in ji shi. "Ba ni na ja zanen ba, yaro. Da ni na ja, da na sauko da shi don kai." Sai ya hango ni da takarda a hannu. "Kai dogo, zo nan."

Bai kamata in je ba, amma na je. Ƙuruciya ce, da son a gani. Na tsaya a jikin katakon da takalmina a hannu, jan zanen ya tsaya mini daidai saman kunne. Sajen ya ce ga irin wanda suke nema, na ce masa ina da wani aikin. Ya yi tsaki ya dubi taubashina, wanda ke ƙoƙarin mayar da rigata.

"Gobe da sassafe muna Ƙanƙara," in ji shi. "In kana ganin za ka tsiro kafin gobe, ka same mu can."

Duk filin aka yi dariya. Taubashina ma ya yi. Da muka kama hanyar gida hadarin ya watse, iska mai zafi ta biyo baya. Da muka yi nisa sai taubashina ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ka tsallake ni, ubangida. Inna ta ce ka komo, ba ka komo ba."

Baba ya ce haka Allah ya so, kowa da rabonsa. Washegari da safe motar tana fake a ƙofar gida, tankinta cike, direba yana goge gilashi, taubashina ya naɗe buhunsa wanda aka juye ya koma ƙauye da 'yan kuɗin mota da gwangwanin madara biyu. Dawar kuwa, an dama kunu da ita sau ɗaya, aka ce yara ba sa so. Sauran aka riƙa watsa wa kajin turawan da Baba ya fara kiwo a bayan gida.

Na yi shekaru a gidan rediyo kafin in san abin da ya faru a filin nan. Aikina fassara ne da karantawa, kuma akwai shirin lafiya da muke gayyato likita ya yi bayani ni in mayar da shi Hausa. Wata rana ana maganar ciwon baya, likitan ya ce tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai guringuntsi mai laushi, wanda nauyin jiki ke matsewa in mutum ya wuni a tsaye, ya kuma saki in ya kwanta. Saboda haka, in ji shi, kowa ya fi tsawo da safe. Na fassara, muryata ba ta canza ba, abin da aka horar da mu ke nan. Da aka kashe na'ura na tambaye shi mutumin da ya ɗauki kaya a ka tun asuba har la'asar fa. Ya ce ai wannan faɗin yatsa kaɗan ne daga abin da zai rasa, amma ba abin damuwa ba ne, in ya kwana ya huta zai dawo. Yana tattara takardunsa ya ƙara da cewa wanda ba ya dawowa shi ne tsawon da yaro ya rasa a akushi. Na raka shi har bakin mota, na dawo na karanta labaran ƙarfe ɗaya. Tsakanin Faskari da Ƙanƙara, a motar Baba, ba tafiyar da za a ɗauki guzuri ba ce.

Ban gaya wa taubashina ba. Ya ci gaba da noma, bai taɓa mayar da shanun ba sai bijimi ɗaya da yake haɗawa da na maƙwabci. Biyu daga ƙannensa ba su kai aure ba. 'Ya'yansa maza suka tashi kamarsa, ko ƙasa da shi kaɗan. Nawa kuwa a birni suka tashi, babban sai ya sunkuya kafin ya shiga zauren kakanmu, jikokina kuma in suka zo Sallah sukan buga goshi a azarar su yi dariya, su ce mutanen da gajeru ne. Jini ɗaya ne, daga mutum ɗaya. In ka jera jikokina da nasa ba za ka ce ko gari ɗaya suka fito ba.

Yanzu ƙauyen nasu babu kowa. Kowa ya san dalili, ba sai na faɗa ba. An fara da barin gonakin nesa, sannan na kusa, sannan awaki suka tafi, sannan mutane. Na yi ritaya na dawo gidan kakanmu, taubashina ya zo da abin da ya rage na iyalinsa na ba su ɗakunan baya. Cikinsu akwai jikansa, saurayi ɗan shekara goma sha tara, wanda aka kashe ubansa a gona. Shiru-shiru ne, ya gama sakandare da ƙyar, yana dakon bulo da ruwa a cikin gari. Da aka sake shelar ɗaukar aikin kaki ya cike takarda, aka kira shi awo a birni. Ranar na zaunar da kakansa a zaure na gaya masa abin da likita ya ce, da abin da sajen ya faɗa cikin wasa, da motar da ke fake a ƙofar gida. Ya daɗe yana kallon lungun da aka ajiye buhun.

"Ashe da na kwana," in ji shi.

"Da ka kwana."

"Shekara nawa kana riƙe da wannan?"

Na faɗa masa. Ya jinjina kai, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Gara da Inna ta tahi ba ta sani ba. Har ta rasu tana cewa ko dawar ce ta yi kaɗan." Ya tauna goron. "To ubangida, ga dama ta samu. Komo ka tsallako."

Muka yi abin da ya kamata a yi tun wancan karon. Kwana uku muka hana yaron ɗaukar ko buta. Na sa aka yi masa ƙwai da madara safe da yamma, yana ci yana jin kunya. Muka tafi birni tun ana gobe, ya kwana a kan katifa a gidan ɗana, da safe na kwantar masa da kujerar mota har bakin filin. Shi ne na uku a layi, rana ba ta gama fitowa ba. Katakon yanzu na ƙarfe ne, amma zanen yana nan inda yake, kuma ja ne. Ya hau, ya manna dugadugai, aka sauko da allon. Daga inda muke tsaye ni da kakansa muna iya hango bangon da ke bayansa ta tsakanin allon da kansa. Mai awon bai ma zura yatsa ba. Da zai zura, huɗu za su shiga.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun wuce Mairuwa, gonaki dama da hagu sun zama saura, ciyawa ta kai ƙugu, can yamma kuma dajin ya yi duhu kamar hadarin da bai yanke shawara ba. Yaron yana kujerar baya, ya jingina kai da gilashi yana kallon wajen.

"Alhaji," ya ce da ni, a hankali, kamar mai tambayar lokaci. "Su na cikin dajin can ba su da katako. An ce duk wanda ya iya saɓa bindiga a kafaɗa ya kai."

"Wa ya gaya maka?" in ji kakansa.

"Ana dai faɗi. An ce kullum da nama."

Kakan ya juya ya dube shi, sannan ya mayar da fuskarsa gaba. Na ga hannunsa yana murza bayan wuyansa, kamar ranar nan.

Har yanzu yaron yana gidana. Ya koma dakon bulo. Ya ce ɗakin baya da zafi, saboda haka a zaure yake kwana, yana shimfiɗa tabarmarsa a gicciye a bakin ƙofa, ƙarƙashin azarar da rawanin kakanmu ke shafa. Kullum in zan fita sallar asuba a nan nake tarar da shi. A kwance ya fi tsawo, kuma sau da yawa nakan kama idona yana bin sa daga ka zuwa ƙafa, sai in tuna Iya da karan da ta karya, in kawar da kai. Akwai wurin da zan iya ɗaga ƙafa in wuce, amma ba na yi. Nakan tsaya da buta a hannu in yi gyaran murya har sai ya motsa ya janye ƙafafunsa. Jiya sai da na yi sau uku. Kafin ya motsa na ji liman ya tayar da salla, ban damu ba, domin abin da nake tsoro shi ne safiyar da zan tarar da tabarmar a naɗe, hanya a buɗe, ba mai tare ni.